Gwafar Don Chemo

Ƙarfe shida saura kwata na safe tsohuwar a-kori-kurar Don Anselmo Barrientos take shigowa harabar makarantar firamaren unguwarmu ta Southmost, kuma duk mai gida a kan layin nan ya san tarin injinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Yakan buɗe ƙofofi, ya kunna fitilu, ya leƙa banɗakunan yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo bokitinsa mai taya zuwa ɗakin cin abinci ya goge daɓen tas. Kafin daɓen ya bushe ya riga ya jawo wani akwatin katako daga bayan firji, ya shimfiɗa allunan darar ces goma sha biyu a kan tebura, ya jera sarakuna da dawakai kowa a gidansa. Bakwai saura kwata yara sun fara shigowa, wasu da sauran barci a ido, wasu da taco, wata 'yar waina da ake naɗe ƙwai da dankali a ciki, a hannu. Babu wanda ya ɗora masa wannan aikin. A takardar makaranta mai shara ne. A bakin yaranmu kuwa Don Chemo ne, malamin dara.

Juma'ar ƙarshen watan Mayu zai jingine mofa, sandarsa ta goge daɓe, domin gwiwoyinsa sun ce ya isa haka. Mu iyaye muka ga bai dace ya fita shiru yadda ya saba shigowa shiru ba.

Doña Herminia mai girkin makaranta ta fi kowa saninsa. Shi ya tsaya wa ɗanta a wurin baftisma, shi ya sa yake kiranta comadre, ita kuma ba ta da sunan da take kiransa da shi sai tsoho. Ta ce a jirgin kamun jatan-lande ya koyi darar, yana saurayi, a kan allon da aka zana da fenti a murfin akwatin ƙanƙara. Ta ce da idonta ta ga ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa yarinyar da ta zo gasa da 'yar shimi, ya wuni yana rawar ɗari yana cewa shi zafi ma yake ji. Akwai ma'aikaciyar jinya a garin nan, tsohuwar ɗalibarsa, da har yau in ta tashi daga aiki takan biyo ta zauna su buga wasa ɗaya, ya cinye ta, ta tafi tana dariya. Irin waɗannan labarai suna da yawa. Amma wanda ya faru a bana shi ne har yanzu muke ta maimaita wa juna a bakin ƙofar makaranta, wato labarin Noemí Cavazos da 'yarta Maritza.

Maritza shekararta takwas, kuma tana son sarauniyarta kamar rai. A gasar watan Janairu ta buga wasa huɗu, a uku daga ciki aka ɗauke mata sarauniya ta hanya iri ɗaya. Dokin abokiyar karawa ya diro daga inda ba ta zata ba, ya tsaya a gidan da yake nuna sarkinta da sarauniyarta a lokaci guda. Wannan shi ne abin da 'yan dara suke kira gwafa: ɗan wasa ɗaya, barazana biyu, kai kuma motsi ɗaya kawai gare ka. In sarki na cikin waɗanda aka nuna, doka ta ce shi za ka tserar, ɗayar kuma sai dai ka yi mata bankwana. Maritza ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Daga nan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, ta cinye faratanta har suka fara jini.

Noemí ba mace ba ce mai dogon tunani a kan abin da ya taɓa 'ya'yanta. Wata Talata ta saɓo jaririyarta Dalia a kwankwaso, ta ja hannun Maritza, ta shiga ɗakin cin abinci da niyyar ta yi magana a taƙaice ta wuce wurin aiki. Ta ce ta gode da duk ƙoƙarinsa, amma daga yau Maritza ta bar dara. Ba ta haifi 'ya don wani guntun roba mai kan doki ya riƙa sa ta kuka ba.

Don Chemo bai yi musu ba. Ya jingine mofa, ya goge hannu a wandonsa, ya ce gaskiyarta, uwa ce. Sai ya tambaye ta ko ta taɓa ganin abin da yake sa yarinyar kukan. Ta ce ita ba ta san komai a wannan wasan ba, kuma ba ta da lokacin sani.

"Kin sani, mija, 'yata," in ji shi. "Kin ɗora wake a wuta ya fara zuba, ga wannan 'yar ta kwankwasonki ta rarrafa ta nufi matakala. Wanne za ki ruga wa?"

"Wannan ma tambaya ce? 'Yata mana."

"Wake fa?"

"Ya ƙone."

"To an yi miki gwafa. Kin tserar da sarki, sarauniya ta tafi."

Doña Herminia ta leƙo daga tagar kicin da ludayi a hannu ta ce, "In haka ne mu mata tun kafin a haife ka ake mana gwafar nan, tsoho. Ka zo kana koya mana abin da muke sha kullum."

Noemí ta so ta daure, amma dariya ta kufce mata. Shi kuma da ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai ya roƙi minti biyar.

Duk wanda ya shiga ɗakin cin abincinmu ya san daɓensa, tayil fari da tayil kore, ɗaya bayan ɗaya, daidai da launin allunan gasa. A kusurwar da ke kusa da kicin Don Chemo ya daɗe da kewaye takwas-takwas da shuɗin salatif, ya zama ƙaton allo da mutum zai taka. A nan yake koyar da doki. Ba ya cewa yaro ya haddace. Cewa yake yaro ya zama dokin, ya yi tsallen da ƙafarsa, gida biyu gaba, ɗaya a gefe.

Ya tsayar da Noemí a kan farin tayil ya ce ita ce sarki. Ya kira comadre ɗinsa ta fito ta zama sarauniya, ta fito tana mita cewa shekara ashirin tana jiran wannan naɗin. Ita ma ya tsayar da ita a kan fari, gida kaɗan daga Noemí. Sannan ya ce Maritza ta yi tsalle tana faɗin launin da ta dira a kai. Yarinyar ta fara a sanyaye. Kore. Fari. Kore. Fari. A tsalle na biyar ta tsaya cak, ta dubi ƙafarta, ta ce ashe kullum canja launi yake yi.

"Kullum," in ji Don Chemo. "Tun da aka halicci doki bai taɓa saɓawa ba. To in ya dira a kore, wane launi zai nuna?"

"Fari."

"Mamanki da Doña Herminia a kan me suke tsaye?"

Maritza ta dube su. Ta dubi daɓen. Ta yi tsalle ɗaya, ta ƙara wani, ta dira a kan wani koren tayil, sai ta miƙa hannu biyu, ɗaya ya nufi uwarta, ɗaya ya nufi mai girki. Fuskarta ta washe irin yadda Noemí ta yi wata guda ba ta gani ba.

Ya sa suka maimaita, amma wannan karon ya matsar da Doña Herminia taki ɗaya zuwa kore. Maritza ta zagaye allon nan kaf tana haki, ba ta sami gidan da za ta nuna su biyun ba. Babu shi. Doki ba ya iya yi wa fari da kore gwafa tare.

Sai ya zauna ya buɗe takardun wasanninta na Janairu, waɗanda ta rubuta motsi bayan motsi da fensir, ya nuna wa Noemí inda matsalar take. Tsabar tsoron kada a ci sarauniyar, Maritza ba ta barinta ta yi nisa. Kullum tana jawo ta kusa da sarki, ta tara su wuri guda don ta riƙa ganinsu. Tarawar nan kuwa ita ce take kiran doki.

"Ta gado," in ji Doña Herminia, tana komawa kicin. "Ban dai ce daga wurin wa ba."

Noemí ta ji maganar har cikin ranta, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta gyara zaman jaririyar, ta ce ta ba da mako uku, zuwa gasar da za a yi a garin Harlingen. In yarinyar ta fito daga can da hawaye, magana ta ƙare, kuma kada kowa ya sake zuwa mata da zancen wake.

Don Chemo, kai ne ka karɓi sharaɗin nan ba tare da ka yi alkawarin nasara ba. Kai ne ka ce mata ba ka da ikon hana yaro faɗuwa, abin da kake da shi kawai shi ne ka sa ya san abin da ya kayar da shi. Mu da muke renon yara mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mako ukun nan unguwa ta shaida. A gasa doka ce, ɗan wasan da ka taɓa shi za ka motsa, babu fasawa. Saboda haka Don Chemo yake sa yaransa su zauna a kan hannayensu, ba za su zaro su ba sai sun amsa tambaya uku a zuci: ina sarkina, ina sarauniyata, ina dokinsa. In ukun suna launi ɗaya, a tsaya a duba. Maritza ta ɗauki abin da zafi. A kantin sayayya tana tsallen doki a kan tayil, mutane suna kauce mata da kekunan kayansu. A teburin cin abinci ta yi wa kwalbar gishiri da ta barkono gwafa da marfin lemo. Ta gano cewa kurtu ma, wannan ɗan ƙaramin sojan da ke gaba, yana iya nuna manya biyu in suka tsaya a layi ɗaya da gida guda a tsakaninsu, ta tashi babanta daga barcin rana don ta nuna masa. Ciwon cikin safe ya ɓace. Noemí dai ba ta saki jiki ba. Ta ce daɓen makaranta daban, zauren gasa daban.

Ranar Asabar ɗin suka isa Harlingen da hantsi. Duk uwar da ta taɓa kai ɗa gasar dara ta san azabar wurin. Ana shigar da yara zauren wasanni, a ce iyaye da malamai su fita, a rufe ƙofa. Ba leƙe, ba ɗaga hannu. Sai ka zauna a wani ɗaki can da kujerar ninkewa da kular abinci, kana karanta fuskar kowane yaro da ya fito.

A wasan farko Maritza ta faɗi. Ta fito idonta ya yi ja, amma bai zubo ba. Don Chemo ya bi takardarta da yatsa, ya ce yau dai ba doki ba ne, hasumiya ce, wannan mai tafiya a miƙe, ta shigo ta layin baya, wannan kuma darasin wata rana ne. Noemí ta ciro makullin mota daga jaka ta riƙe a hannu. Ta sunkuya ta ce wa 'yar in tana so su tafi yanzu, za su tsaya a hanya su sha ƙanƙara mai zaƙi. Maritza ta girgiza kai, ta ciji taco sau biyu, aka kira zagaye na biyu.

Minti ashirin, yara suka fara fitowa. Minti arba'in, rabin zauren ya watse. Awa guda, duk 'yan makarantarmu sun fito sai ita. Noemí ta kai ta kawo har Dalia ta yi barci a kafaɗarta. Ta ce wa Don Chemo ita ta san 'yarta, tana can ta faɗi ta shige banɗaki tana kuka. Shi kuwa yana zaune da hularsa a gwiwa, ya ce wanda aka yi wa gwafa da wuri yake fitowa, daɗewa alama ce mai kyau. Amma Doña Herminia, wadda ta biyo su da tukunyar tamale, alalar masara irin tamu, ta ce ta gan shi yana ta satar kallon ƙofar zauren.

Can sai ga Maritza. Fuskarta ba dariya ba kuka, domin Don Chemo ya koya musu kada a yi murna a gaban wanda aka ci. Ta wuce uwarta, ta ajiye takarda a gabansa, ta fara jera 'yan wasa a allo. Muka taru a kansu.

Suka bi wasan motsi bayan motsi. A na goma sha huɗu ta matsar da sarkinta gida ɗaya, ba tare da wani dalili da mu muke gani ba. Don Chemo ya tsayar da ita ya tambayi me ya sa.

"Suna fari su biyu, dokinta ma yana fari," in ji ta. "Sai na raba su."

Ya dubi allon ya daɗe. Ya ɗora yatsa a kan gidan da dokin zai dira da ba ta matsa ba. Ya share ido da bayan hannu ya ce a ci gaba.

A na ashirin da uku ta ɗauki hasumiyarta ta cinye wani kurtu da sarauniyar abokiyar karawa take tsaro. Sarauniyar kuwa ta cinye hasumiyar nan take. Noemí, wadda mako uku da suka wuce ba ta san hasumiya daga sarki ba, ta dafe ƙirji ta ce wayyo, an ci mata babba a banza. Sai kuma ta matso. Ta dubi inda sarauniyar ta tsaya bayan cin, fari. Ta dubi sarkin, fari. Ta dubi dokin 'yarta a tsakiyar allo, fari.

"Maritza," ta ce a hankali, "da gangan kika ba ta?"

Yarinyar ta ɗauki dokin, ta ɗora shi a kan koren gida, ta ɗaga yatsu biyu.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Noemí ta yi ihun da ya tashi jaririyar, wani jami'in gasa ya leƙo ya ce a rage murya, Doña Herminia ta rungume Don Chemo har hularsa ta faɗi tana cewa ashe tsohon nan ya san wani abu ban da mofa. Da hayaniya ta lafa aka tambayi Maritza me ya tsayar da ita haka, tunda takarda ta nuna wasan bai yi tsawo ba. Ta ce ai yarinyar da ta cinye ce ta fashe da kuka bayan sun gaisa, shi ne ta ja ta gefe ta nuna mata maganar launi, don kada a sake yi mata.

A ranar wasa uku ta ci cikin biyar. Ba ta samu kofi ba, 'yar lambar yabo ce irin wadda ake ba kowa. A hanyar fita ta tambayi Don Chemo ko ranar Litinin zai nuna mata maganin hasumiyar layin baya. Ya ce wannan sai abin da mamanta ta ce. Noemí ta dubi makullin motar da ya yi mata shaida a tafin hannu saboda damƙa, ta jefa shi cikin jaka, ta ce bakwai saura kwata za su iso, kuma ita ma a ajiye mata kujera.

Don Chemo, kai ne mai buɗe ƙofa kafin rana ta buɗe ido. Kai ne ka mai da daɓen da kake gogewa makaranta. Ba ka taɓa ɗaga kofi a hoto ba, kullum kana can baya kana tattara kujeru. Ka koya wa 'ya'yanmu su zauna a kan hannayensu har sai sun duba, ka koya musu cewa abin da ya ba ka tsoro jiya yana iya zama makaminka gobe, ka kuma koya wa wasunmu iyaye, ba tare da ka faɗa ba, cewa wani lokaci matsar da abin da kake so gida ɗaya daga jikinka shi ne tsaronsa. Mun gode. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya ba ka tsawon rai ka ga 'ya'yan waɗannan yaran suna tsalle a kan tayil.

A makon da ya wuce ya ciro makullin akwatin katakon daga zoben makullansa ya damƙa wa Noemí. Ranar farko da ta shimfiɗa allunan ta juya rabinsu a baibai, Maritza ce ta bi tana gyarawa tana cewa farin gida a hannun dama, Mama. Hukumar makaranta ta yarda a ci gaba da buɗe ɗakin da safe in an dawo hutu, Doña Herminia kuma ta ce salatif ɗin nan duk wanda ya ɓanɓare shi zai gamu da ludayinta.

Saura mu. A kowace makaranta akwai mai irin wannan hali, yana turo bokiti ko yana tuƙa motar yara, ba a san sunansa na biyu ba. Ku neme shi ku gaishe shi tun yana nan. Ku kuma na unguwar nan, ba sai kun iya dara ba, Noemí ma ba ta iya ba da ta shigo. Ƙofa za ta buɗe bakwai saura kwata. Za ku tarar da ita ga alluna goma sha biyu a gefe guda, ga Dalia da ta fara tafiya ta nufi kicin a ɗaya gefen, ita kuma hannu biyu gare ta. Ku zo ku karɓi ɗaya.